Rodaj tsakanin Yamai da Tawa: abin da sabon inji yake buƙata

Ranar da na karɓo motar daga wurin dillali a nan Yamai, agogonta yana nuna kilomita 14 kacal, kujerunta kuma suna cikin leda. Na fi shekara 20 ina tuƙi, amma duk motocin da suka ratsa hannuna na hannu ne, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano ko Lome bayan wani can ya gama cin moriyarsu, saboda haka ban taɓa zama mutum na farko da zai ɗora wa inji nauyi ba. Wannan karon Allah ya hore, na haɗa abin da na tara da abin da na ranto, na sayi Toyota Hilux mai shan gazuwal domin zirga-zirgar da aikina yake sa ni tsakanin Yamai da garuruwan Adar. Kafin a kira magariba a ranar, mutum biyu na jikina sun ba ni shawarwari biyu da suka yi hannun riga da juna game da rodaj, wato horon da ake yi wa sabon inji a kilomitocinsa na farko.

Na farko kawuna ne, wanda ya bugo waya daga Tawa. Ya yi ƙuruciyarsa a kan hanya, ya ja Peugeot 404, daga baya ya koma 504, kuma har yanzu yana ba da labarin takardar da ake liƙawa a gilashin baya domin na baya ya san motar tana rodaj, kada ya dame ta da oda. Bayan ya gama sa albarka sai ya ce: "Yaro, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka wuce 60 sai ta ci kilomita 5,000. Ka sa mata giyar ƙarshe ka bar ta tana tafiya a hankali, kuma kowace safiya ka tayar da ita ta yi minti 15 tana ɗumi kafin ka motsa." Na biyu ƙanena ne, wanda ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya ce: "Yaya, zancen Kawu na zamanin da ne. Injin yau tun a masana'anta ake gama horar da shi. Ka hau hanyar Doso ka taka ta iyakar ƙarfinta, shi ne za ta buɗe."

Abin da ya raba mini gardama yana cikin ɗan akwatin gaban mota, wato littafin da masu ƙera ta suka sako, wanda yawancinmu ba ma ko cire shi daga ledarsa. Maganar rodaj a cikinsa ba ta cika shafi ɗaya ba. A kilomita 300 na farko an ce a guji taka birki kwatsam. A kilomita 800 na farko kada a ja tirela. A kilomita 1,000 na farko kuma a guji gudu mai tsanani, a guji taka totur farat ɗaya, kada a daɗe a ƙananan giyoyi, kuma kada a yi doguwar tafiya a kan gudu ɗaya da ba ya canjawa. Babu inda aka ambaci 60, babu inda aka ambaci 5,000, kuma babu inda aka ce a taka ta iyakar ƙarfinta. Sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da wannan ba: Volkswagen yana cewa a lallaɓa injin har kilomita 1,000 sannan a riƙa ƙara masa a hankali zuwa 1,500, BMW kuma yana kai maganar zuwa 2,000. Sharaɗin da ya tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe a littafin motata, domin tafiya a kan gudu ɗaya ita ce ainihin abin da Kawu ya umarce ni da shi, kuma ita ce na ɗauka ta fi kowace tafiya sauƙi a wurin inji.

Da wannan tambayar na tafi garejin tsohon bakaniken da ya daɗe yana gyara mini motoci, wanda duk unguwa muke kira Baba. Bai amsa mini da baki ba tukuna. Ya sa aparanti ya mirgino gangar wani inji da aka dawo da ita daga wurin masu goge silinda, ya haska cikin ramin da fitilar wayarsa, ya ce in sa farce. Bangon silindar da ido yake gani sumul, ashe cike yake da siraran layuka da suka gicciye juna kamar saƙar tabarma, farce yana jin ɗan kaushinsu idan aka ja shi a hankali. Sannan ya nuna mini gangar wani tsohon inji da ke jingine da bango, wadda cikinta yake walƙiya kamar madubi, har ina ganin hasken fitilar yana dawowa. Ya ce: "Alhaji, wanne ka ga ya fi kyau?" Na nuna mai walƙiyar. Ya yi dariya ya ce wannan shi ne wanda mai shi yake ƙara masa litar baƙin mai kowane mako, yana tafe hayaƙi yana bin sa.

Bayanin da ya biyo baya shi ne duk abin da mutum yake buƙatar sani game da rodaj. A jikin kowane fistin, wato ƙarfen da yake hawa da sauka a cikin silinda, akwai zobba, galibi uku: biyu na sama suna tare ƙarfin wutar da ke tashi a cikin silinda kada ya zurare ƙasa, na ukun kuma yana share baƙin mai daga bango kada ya hau sama ya ƙone. Layukan nan da na ji da farce da gangan ake yin su. Kwarinsu yana riƙe mai, tudunsu kuma yana aiki kamar dutsen wāshi, yana cin gefen zobe kaɗan-kaɗan shi ma zoben yana cin sa, har su dace da juna ta yadda iska ba za ta sami hanyar wucewa ba. Duk wanda ya ga dutsen niƙa ya san cewa idan ya yi santsi ba ya cin hatsi, sai an sake sassara shi, to haka bangon silinda yake, sai dai shi ba a iya sassara shi sai an sauke inji. Kaushin nan kuwa ba ya daɗewa. Idan mutum yana tafiyar kilomita 60 a awa, injin yana juyi 2,000 a minti, kafin ya cika kilomita 1,000 kowane fistin ya hau ya sauka sau miliyan 2, kuma a cikin waɗannan juye-juyen ne ake yin ta ko a ɓata ta.

Abin da ban taɓa sani ba shi ne cewa ba ƙarfin ƙarfen zoben kaɗai yake manna shi da bango ba. Iskar da ta ƙone tana shiga bayan zoben ta tura shi waje, kuma iyakar aikin da aka ba injin, iyakar ƙarfin turawar. Injin da aka bari yana ralanti, wato yana kunne mota tana tsaye, ko ake ja da shi kamar mai ɗauke da ƙwai, zobbansa ba sa danna bango yadda ya kamata, sai ragowar mai da gazuwal da ba su gama ƙonewa ba su daskare a cikin layukan, bangon ya yi santsi tun zobba ba su zauna ba. Injin gazuwal ya fi saurin kamuwa da wannan, domin idan ba ya aiki ba ya yin zafi sosai. A nan ne shawarar Kawu ta minti 15 ta faɗi, tare da wata al'ada tamu ta Yamai, ta barin mota a kunne da kilim ana jiran wani a ƙofar ma'aikata ko a bakin kasuwa har rabin awa. Giyar ƙarshe a kan gudu kaɗan kuma tana da tata illar, domin injin yana juyi a ƙasa-ƙasa alhali ana neman ƙarfi daga gare shi, sai a ji yana kakkarwa, kowace tashin wuta tana sauka a kan sandar fistin da mazauninta kamar guduma, a lokacin da famfon mai shi ma yake juyi a hankali.

Shawarar ƙanena ma tana da inda ta gaza, duk da cewa rabinta gaskiya ne. Injunan da ake goge silinda da su a masana'antun yau sun fi na zamanin 504 daidaito nesa ba kusa ba, har suna rage tsinin tudun layukan tun kafin a haɗa injin, shi ya sa rodaj ya gajarce, kuma shi ya sa aka daina mayar da mota gareji bayan kilomitocin farko domin a sake ɗaure kan inji kamar yadda su Kawu suka saba. Amma gajarta ba gushewa ba ce. Sassan da ba su gama dacewa ba suna gogayya fiye da na injin da ya saba, gogayya tana haifar da zafi, idan kuma aka haɗa ta da cikakken totur da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni yake wuce 40 kusan kowace rana, man da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe yana iya tsinkewa a wani ɗan wuri, bangon ya karce. Karcewar ba ta tsayar da mota a ranar, sai bayan shekara biyu ko uku mai ita ya fara mamakin inda mai yake tafiya.

Saboda haka na tsara wa kaina abin da zan iya riƙewa. Da safe ina tayar da ita, in jira kamar minti ɗaya, wato gwargwadon in ɗaura bel in yi addu'ar hawa, sannan in tashi a hankali, domin inji ya fi saurin ɗumi idan yana tafiya. Ba na matsa mata sai allurar zafin ruwa ta hau wurinta an kuma ƙara ƴan mintoci, tun da baƙin mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi. Allurar juyin inji kuwa ina barin ta tana yawo tsakanin 1,500 da 2,500, wani lokaci in kai ta 3,000 na ɗan lokaci in sake ta. Wannan iyakar tawa ce, ba ta littafin ba. Cunkoson gadar Kennedy da safe na guje masa iyakar iyawata, da la'asar kuma nakan fita hanyar Kollo in dawo, ina haurawa daga giya ta uku zuwa ta biyar ina saukowa, ina taka totur rabi da niyya sannan in ɗaga ƙafa. Birki bai ba ni aiki ba, illa in bar tazara mai yawa tsakanina da na gaba har fatun birkin su kwanta a kan farantansu. Na kuma kai ta wurin mai faci ya auna iskar tayu, muka tarar ta wuce abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, domin sababbin motoci sukan zo da iska fiye da kima saboda doguwar ajiya.

Jarrabawar gaskiya ta zo a rana ta goma, ba daga inji ba, daga dangi. Ana bikin ƙanwarmu a Tawa, kuma labarin sabuwar mota mai buɗaɗɗen baya ya riga ni isa kowane gida. Kafin in ankara an jera mini buhunan shinkafa, jarkokin man girki, gado da katifa, da sunayen mutum takwas da za su bi ni. Littafin bai hana ɗaukar kaya ba, tirela kawai ya ambata, amma dalilin da ya sa aka hana tirela shi ne dai dalilin da zai sa mai hankali ya ƙi cika mota maƙil ya hau hanyar kilomita kusan 550 da ita a tsakiyar bazara, agogonta yana nuna 430. Na biya kuɗin kayan masu nauyi a babbar mota, na ɗauki mutum huɗu da jakunkunansu. An ce sabuwar mota ta sa mini girman kai, wata gwaggo ma ta ce ai ba a kaina aka fara sayen mota ba. Na ba ta haƙuri, ban ƙara buhu ko ɗaya ba.

Mun tashi bayan sallar asuba. Hanyar Yamai zuwa Doso, kilomita kusan 140, ita ce irin wadda take rinjayar ƙafa ta zauna wuri ɗaya, saboda haka na riƙa tuna wa kaina in canja: mintoci kaɗan a kan 80, in hau 100, in sauko 70 in koma giya ta huɗu, in sake haurawa. Waɗanda ke cikin motar sun ɗauka barci nake ji, har ɗaya ya miƙo mini goro. Daga Doso zuwa Dogon Dutsi da Konni ban sha wahalar tunawa ba, domin ƙauyukan bakin hanya da tudun rage gudu da amalanken jakuna da ramuka sun yi mini aikin, kuma wannan ne karo na farko da na ga amfanin rami a kan kwalta. Duk inda muka tsaya ba na kashe ta nan take, sai na bar ta minti ɗaya ko biyu. Wannan ralantin daban yake da wanda na kushe a baya, domin injin yana da turbo, wato ɗan abin da yake cusa wa inji ƙarin iska, wanda yake juyi fiye da sau 100,000 a minti a cikin zafin hayaƙi, kuma man inji ne yake sanyaya shi, idan aka yanke masa man yana tsakiyar zafi sai wanda ya rage a ciki ya soye. Bayan mun karkata arewa a Tsarnawa rana ta take, a hawan da ke wajen Badagishiri kuma na rage giya tun kafin injin ya fara nishi, na bar shi yana juyi da sauƙi maimakon in danne totur a babbar giya. Mun shiga Tawa agogo yana nuna 980.

Akwai abu biyu da ƙasarmu ta ƙara a kan abin da littafin ya faɗa, kuma a ganina sun fi yawan gudu hatsari. Na farko ƙura ce. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen silinda tauri, idan ta sami hanya ta wuce matatar iska sai ta zama dutsen wāshi na biyu wanda ba ya daina ci. Na sha ganin yara a gareji suna ciro matata su buga ta da bango, ko su hura mata iskar kwamfaresa daga waje zuwa ciki da dukan ƙarfi, takardar ta tsage inda ido ba ya gani, su mayar su rufe murfin a karkace. A sabuwar mota gara a bar akwatin matatar a rufe sai lokacinsa ya yi, idan kuma aka buɗe a tabbata bakinsa ya zauna daidai. Na biyu mai ne, na sha da na inji. Gazuwal ɗin kwalba da jarka na bakin hanya yana iya zuwa da ruwa ko datti, famfon injin zamani kuwa ba ya yafe wannan, don haka na cika tanki a gidan mai tun daga Yamai. Baƙin mai kuma, kanikawanmu da yawa suna ganin mai kauri ne kaɗai yake jure zafinmu, alhali kauri ba shi ne kariya ba. A lamba irin 15W-40 ko 5W-30, ta farko tana nuna yadda man yake gudu da sanyi, ta biyu tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100, littafin kuma yana da jadawalin wanda ya dace da kowane yanayi. Akwai wasu haruffa a jikin galan da suka fi lambar muhimmanci ga mai injin gazuwal, waɗanda suke farawa da C, domin masu farawa da S na injin esansi ne.

Maganar bidanjin farko, wato canjin baƙin mai na farko, ita ce inda har yanzu ban ga an daidaita ba. Su Kawu sun saba zubar da man farko da wuri saboda garin ƙarfen da rodaj yake saki, kamfanoni da yawa na yau kuma ba sa neman haka, matatar mai tana tare abin da ya fito. Ni na canja mai da matata bayan dawowata Yamai, a wurin dillalin domin kada garanti ya sami matsala, ba don littafin ya tilasta ba, sai don ƴan jikkunan da na kashe ba su kai nauyin tunanin da suka sauke mini ba. Daga nan kuma jadawalin hanya mai ƙura zan bi, wanda yake gajarta tazarar bidanji, tun da babu wata hanya a Adar da za a kira marar ƙura.

Inda shawarar Kawu take da sauran ƙarfi shi ne injin da aka sauke aka sake wa zobba a garejinmu, wanda shi ne sabon injin da yawancin mutanenmu za su taɓa mallaka. Gugar da ake yi a nan ba ta kai ta masana'anta laushi ba, garin ƙarfen ya fi yawa, saboda haka zubar da man farko tun bai wuce kilomita 1,000 ba wajibi ne, lallaɓawar ma ta fi tsawo. Haka sabon babur. Injinsa iska ce kawai take sanyaya shi, mansa bai fi lita ɗaya ba, da yawansu kuma ba su da matatar takarda sai ɗan rariya. Amma yaron da aka ba sabon babur ya yi kabu-kabu a Tawa, wanda ake jiran kuɗin yini daga hannunsa, ranar farko yake ɗora mutum biyu ya murɗe hannu har ƙarshe, bayan ƴan watanni a ce babur ɗin ne ba shi da ƙwari.

Washegarin isarmu Kawu ya zo ganin motar tun da hantsi. Ya tambaye ni iyakar gudun da na yi, na ce 100, ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba a faɗa muku magana. Ya sa na buɗe gaban motar, ya zaro sandar awon mai da kansa, ya share ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya karkata ta wajen haske. Man yana dab da layin sama, bai sauka yadda ido zai gane ba. Ya murza ɗigo ɗaya tsakanin yatsunsa, ya sunsuna, bai ce kome ba, sai ya miƙo hannu in ba shi mabuɗi. Muka hau hanyar cikin gari yana tuƙi ina gefensa, agogon ya cika 1,000 muna wajen kasuwa, kuma tun allura ba ta kai 50 ba na ga hannunsa yana laluben giya ta shida. Na ce: "Kawu, don Allah ku bar ta a ta huɗu."